Zuwa ga aminina, a kan abin da numfashi ya tona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya, na san za ka ce shirun ya yi yawa, kuma sai da na sami abin faɗa sannan na tuna da kai. To, abin faɗar ne ya samu. Ciwon cikin nan nawa da ka daɗe kana yi wa dariya, wanda ka yanke masa hukunci tun tuni cewa haɗama ce kawai, an gano musabbabinsa, kuma ba a ɗebi jinina ba, ba a zura mini komai ta maƙogwaro ba. Iska kawai na yi ta hurawa cikin wata 'yar na'ura, likita ya karanta abin da ta nuna. Abin da ya sa ban jira haɗuwarmu ba shi ne labarin da Yaya ta ba ni, cewa kai ma ka shiga sahu, ka haramta wa kanka rabin abincin duniya, kana kuma haɗiyar maganin olsa kowace safiya ba tare da wani likita ya duba ka ba.

Ka san yadda nawa yake: kumburi, ƙugin ciki, iska mai yawa, wani lokaci har da zawo, kuma duk wanda na yi wa ƙorafi sai ya ce gyambon ciki ne. Shi ma likitan da na gani daga nan ya fara, domin ya kawar da wannan zargi ko ya tabbatar da shi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori wadda ke zama a cikin tumbin mutum, ita ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki in ban da wanda magungunan kashe zafin jiki ke jawowa. Tana iya rayuwa cikin ruwan tsamin da ke tumbi ne saboda tana farfasa sinadarin yuriya, ta fitar da amoniya da ke kare ta daga tsamin, tare da iskar kabon dayoksaid. Wannan dabara tata ce ake kama ta da ita. Ana ba mutum yuriya wadda aka yi wa alama da wani nau'in kabon na musamman, mai lamba 13 ko mai lamba 14, ya sha, sannan bayan ɗan lokaci da bai wuce rabin sa'a ba ya hura numfashinsa. Idan ƙwayar na nan, za ta farfasa yuriyar, kabon ɗin mai alama ya shiga jini, ya bi ta huhu ya fito. Idan ba ta nan, ba za a gan shi a numfashi ba.

Tun da kana son labarin masu taurin kai irinka, ka sani cewa likitoci biyu ne a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wannan ƙwaya a 1982, a lokacin da duniya ta yi ittifaƙi cewa damuwa da yawan tsamin ciki ne ke kawo gyambo. Da aka ƙi gaskata su, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, cikinsa ya kamu, ya kafa hujja da jikinsa. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Ban ce ka yi koyi da shi ba, domin kai ko maganin da aka rubuta maka ba ka cika shanyewa ba.

Ga inda maganar ta shafe ka kai tsaye. Magungunan rage tsamin ciki irin su omeprazole, wanda na ji shi ne abokin karin kumallonka yanzu, suna danne ƙwayar ba tare da sun kashe ta ba, sai gwajin ya nuna babu ita alhali tana nan kwance. Saboda haka ake so mutum ya dakatar da su mako 2 kafin gwaji, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. Kada ka dakatar da kanka, ka bari likita ya tsara maka yadda za a yi. Haka nan wanda aka samu da ƙwayar aka ba shi magani, da wannan gwajin ake tabbatar da cewa ta mutu, bayan aƙalla mako 4 da gama shan maganin. Gwajin jini ba ya iya wannan aiki, domin alamar da yake nema takan daɗe a jiki bayan ƙwayar ta tafi.

Ni dai nawa ya nuna babu ita, sai aka koma gwaji na biyu, wanda shi ne ainihin labarin. Tushensa abu ne mai sauƙi wanda wani likita a Amurka, Michael Levitt, ya bayyana a 1969: jikin ɗan Adam ba ya ƙera iskar haidurojin da kansa. Duk haidurojin da aka samu a numfashin mutum, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjinsa ne suka samar da ita, a yayin da suke cin sukarin da ƙaramin hanji ya kasa tsotsewa ya wuce zuwa babban hanji. Abin da ke faruwa a can ya yi kama da ƙullun da aka bari ya kwana ya tashi, sai dai wannan a cikin mutum yake tashi. Wani kaso na iskar yana fita ta inda ka sani, wani kuma yana ratsa bangon hanji ya shiga jini, ya isa huhu.

Shirin ya fi gwajin wahala. Ana gobe za a yi, an hana ni wake da albasa da 'ya'yan itace da madara da duk abin da ke daɗewa yana ruɓa a hanji, sai farar shinkafa da ƙwai da nama marar haɗi, sannan daga dare ba ci sai ruwa, tsawon sa'a 8 zuwa 12. Da safe ma'aikaciyar ta sa na kurkure baki da ruwan magani, domin ƙwayoyin da ke baki ma suna iya ɓata lissafi, ta ce in ja numfashi, in riƙe kaɗan, in hura a hankali har ƙarshe. Wannan shi ne ma'aunin farko da za a riƙa kwatanta sauran da shi. Daga nan ta miƙo mini kofin ruwa da aka narkar da giram 25 na laktos, wato sukarin da ke cikin madara, mai ɗan zaƙi sama-sama, ta haɗa mini da takarda da biro ta ce duk abin da na ji a cikina in rubuta shi da lokacinsa. Ba barci, ba zirga-zirga, ba taba ga mai shan ta, domin duk suna sauya yawan iskar da ke fita. Kowane rabin sa'a sai ta dawo da na'urar in hura, har sa'a 3. Da farko lambar ba ta motsa ba, har na fara tunanin abin da za ka ce idan wannan ma ya fito babu komai. Can sai ta fara hawa, kuma kusan a daidai lokacin cikina ya ɗauki ƙugi a ɗakin da ya yi tsit, har dattijon da ke zaune kusa da ni ya waiwayo ya ce mini sannu. Ƙa'idar da ƙwararrun Arewacin Amurka suka amince da ita a 2017 ita ce, idan haidurojin ta ƙaru da kashi 20 cikin miliyan a kan ma'aunin farko, to sukarin bai narke yadda ya kamata ba. Tawa ta wuce nan da nisa.

Ma'anarsa ita ce ƙaramin hanjina ba ya samar da isasshen laktes, sinadarin da ke raba sukarin madara gida biyu domin jiki ya tsotse shi. Wannan ba wata baƙuwar cuta ba ce, kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya laktes ɗinsu yana raguwa bayan yarinta, wasu kuma yakan ragu na ɗan lokaci bayan ciwon hanji sannan ya dawo. Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai tsaya kan lambar kaɗai ba, sai da ya ɗora ta a kan takardar da na cika. Ya ce akwai waɗanda lambarsu ke hawa amma ba sa jin komai, kuma irin waɗannan babu dalilin hana su madara. Ni ma ba a hana ni gaba ɗaya ba. Kofi ɗaya na madara yana ɗauke da laktos kimanin giram 12, kuma yawancin masu irin matsalata suna iya ɗaukar wannan adadi, musamman idan tare da abinci ne. Yogot da busasshen cuku sun fi sauƙi, akwai kuma ƙwayar laktes da ake haɗiya kafin a sha. Uwargida ta fi kowa murna, domin ta gaji da girki kashi biyu a kan zato.

Naka kuwa, yadda Yaya ta kwatanta mini, ya bambanta da nawa, tun da kumburi ne da taurin bayan gida. Don haka idan ka je, ka tambaya ko na'urarsu tana auna iskar metan tare da haidurojin. A hanjin wasu mutane akwai wasu ƙananan halittu, mafi shahara a cikinsu ita ce Methanobrevibacter smithii, waɗanda ke cinye haidurojin su mayar da ita metan. Mai irin wannan hanji zai iya hurawa har ya gaji haidurojin ba ta hau ba, a ce masa lafiyarsa ƙalau, alhali iskar ta sauya kama ne kawai. Metan da ta kai kashi 10 cikin miliyan a kowane lokaci na gwajin ana ɗaukar ta a matsayin shaida, kuma an san tana da alaƙa da jinkirin tafiyar hanji.

Wataƙila kuma a yi maka maganar yawaitar bakteriya a ƙaramin hanji, inda bai kamata su yi yawa ba. Shi ma da numfashi ake nemansa, ana ba da giram 75 na sukarin gulukos ko giram 10 na wani sukarin daban mai suna laktulos, a duba ko haidurojin za ta hau da wuri, cikin minti 90. A nan ne nake so ka yi taka-tsantsan, domin a ganina wannan bai kai sauran biyun ƙarfi ba. Gulukos yana tsotsuwa tun a farkon ƙaramin hanji, saboda haka yana iya kuskure abin da ke can ƙarshensa. Laktulos kuwa ba ya tsotsuwa sam, kuma ga mai hanji mai sauri yana iya isa babban hanji kafin minti 90 su cika, sai iskar da ta fito daga inda ya dace a ɗauka daga inda bai dace ba ta fito. Likitoci kansu suna saɓani a kan fassararsa, don haka kada lamba guda ta sa ka shiga shan maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye. Haka ma gwajin furuktos, sukarin 'ya'yan itace da zuma, domin ko mai cikakkiyar lafiya idan aka ɗura masa da yawa a lokaci guda zai kasa tsotse shi duka.

Akwai kuma abubuwan da numfashi ba ya gani ko kaɗan. Ba ya gano borin jini da wasu ke yi wa madara ko wani abinci, wanda ke zuwa da ƙuraje ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, domin wannan aikin garkuwar jiki ne, ba na narkewar abinci ba. Ba ya gano cutar da sinadarin gulutin na alkama ke haddasawa a hanji, wadda sai da gwajin jini da ɗaukar ɗan tsokar hanji ake tabbatar da ita, kuma wanda ya riga ya daina cin alkama, kamar yadda na ji ka yi, yana iya ɓata wa kansa wannan gwaji. Idan kuwa kana ganin jini a bayan gida ko ya koma baƙi ƙirin, ko kana ramewa ba dalili, ko amai ya ƙi tsayawa, ko haɗiya tana yi maka wuya, to ka bar zancen hura iska, ka je a leƙa cikin da na'urar hangen ciki ba tare da jinkiri ba. Yaya ta ce wandunanka sun fara yi maka yawa. Ina fata yunwar da ka ɗora wa kanka ce, amma ka faɗa wa likita wannan tun kafin ya tambaya.

Kafin ka je, ka rubuta duk magungunan da kake sha, har da na sassauta bayan gida, domin su ma akan dakatar da su kamar mako guda kafin gwajin haidurojin, sannan ka rubuta jerin abincin da ka yanke da abin da ka ji bayan yanke kowanne. Ka aiko mini da abin da aka ce maka, ko da ya tabbata cewa haɗamar da ka daɗe kana jingina mini taka ce. Ka gaishe da Inna da jiki, ka gaishe da maiɗakinka da yara. Uwargida tana gaishe ku.

Wassalam, naka amini.