Na je Zanzibar na dawo, amma hankalina na kan duwatsun Shere

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi abin da ke cina tun da na dawo daga Tanzaniya. Ƙanina ne ke aiki a Darussalam, ya fi shekara nawa yana cewa Yaya ka zo ka ga gari, ni kuma kullum kasuwa ta riƙe ni, sai bana Allah ya nufa. Na nemi biza ta intanet, na ɗauki katin rigakafin shawara, muka tashi daga Abuja muka yada zango a Adis Ababa sannan muka sauka.

Darussalam kam gari ne irin Legas, zafi da gumi da cunkoso, kasuwar Kariyako kuma in ka shiga sai ka rantse Kantin Kwari kake. Ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Zanzibar ce. Jirgin ruwa muka hau, wajen awa biyu a kan teku, ni da na tashi a Jos ban san wani ruwa ba sai kududdufan kuza da rafin da muke wanka muna yara, wallahi da na ga ruwa ya haɗe da sama ba gaɓa ba tudu sai da na yi ta tasbihi ban ma san ina yi ba.

Tsohon garin nasu da duwatsun teku aka gina shi, lunguna ƙanana mota ba ta shiga, ƙofofi na katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, kuma tun shekarar 2000 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Yawancinsu Musulmi ne, mata da hijabinsu, kiran sallah ta ko'ina, ban taɓa neman inda zan yi alwala na rasa ba. Har yarensu ma kunnena ya riƙa kamawa, su ce habari mu ce labari, su ce asubuhi mu ce asuba. Wani saurayi ne ya zaga da mu, bai fi sa'an ɗana na fari ba, da katin shaida rataye a wuyansa, shi ya ba mu labarin yadda Sarkin Oman ya dawo da fadarsa nan a 1840, ya kai mu inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, yanzu coci ne a wurin, muka sauka wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa da ko tsayuwa sosai ba ka iya yi, ya ce nan ake tara mutane. Yaron nan bai ɓoye abin kunyar garinsu ba kuma bai yi mana ƙari ba. Da muka gama muka biya shi abin da aka yi ciniki tun farko, ya yi godiya ya kama gabansa.

Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne gonar kayan ƙamshi. Malam Edita shekara hamsin ina shan kanumfari a kunu da shayi ban taɓa tambayar kaina daga ina yake fitowa ba. Ashe tohon fure ne, ana tsinke shi tun bai buɗe ba, a shanya a tabarma a rana har ya yi baƙi. Mai gonar ya murje ganye a tafin hannuna ya ce shinshina ka faɗa min, na ce kanumfari, ya kankaro ɓawon wata bishiya na ce kirfa, ya tono citta na ce wannan kam muna da ita a Kachiya har ta fi taku yaji, ya yi dariya ya ce ya yarda. To gona ce fa kawai, irin wadda kowa ke da ita a ƙauyensu, amma ga Turawa ga Larabawa ga mu an yi layi ana biyan kuɗi don a ga bishiya, matan ƙauyen sun dafa shinkafa da kayan gonar ana saye, yara na saƙa hula da ganyen kwakwa, kowa na samun na cefane.

Bakin tekun ma haka. A Paje da safe ruwan janyewa yake can nesa sai ka ga farin yashi fetal, mata sun ɗaura zani sun shiga suna duba wata ciyawar ruwa da suke nomawa a jikin igiya da turaku, in ta yi su busar su sayar, wasu su yi sabulu da ita. Da rana ruwan ya dawo kamar ba a yi ba. Ba zan ce komai nasu daidai ne ba, akwai tsada, tun Oktoban 2024 ma baƙo sai ya sayi inshorar dala 44 kafin ya shiga tsibirin, kuma akwai shigar da wasu baƙi ke yi a bakin ruwa da ba za ka so iyalinka su gani ba. Su kansu mutanen garin na ga sun kafa alluna suna roƙon a suturta jiki in za a shigo cikin gari.

A jirgi muna dawowa ba abin da nake tunani sai Filato. Lambar motarmu an rubuta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, to ina yawon yake? Duwatsun Shere ga su nan kullum muna kallonsu daga cikin garin Jos, tsayinsu ya haura mita 1,800, a unguwarmu zan iya ƙirga waɗanda suka taɓa hawa da yatsun hannu ɗaya. Ga ruwan Assop a hanyar Abuja wajen Hawan Kibo, ga na Kurra da ake samar da lantarki da shi tun zamanin Turawan kuza, ga duwatsun Riyom da aka ɗora wani kan wani ikon Allah, ga Dutsen Wase tsaye shi kaɗai a fili. Gidan tarihinmu tun 1952 yake, kawunan Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, na ciki waɗanda masana ke tasowa daga ƙasashen waje don su gani. In ka miƙa Bauchi ga Yankari da ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana. Sanyin da Allah ya ba mu kuwa, mutumin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zai biya ko nawa ne ya kwana uku a cikinsa.

Kuma in gona ce ake biya a gani, mu da muke noman sitiroberi a wajen Vom, da dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, da acca? Yara nawa ne a Kano ko Abuja suka taɓa ganin sitiroberi a jikin uwarsa? Manomin nan da dillali ke taya wa kaya a wulaƙance, da zai samu mota biyu ta 'yan makaranta duk Asabar su biya kuɗin shiga su tsinka da hannunsu su saya, ai da ya ji sauƙi.

Abin da ya hana na gani da idona. Bara da ƙaramar sallah na kwashi iyali muka je wani wurin shaƙatawa, ba zan kama suna ba. Tun kafin mu isa samari kashi uku suka tare mu, kowa da kuɗin da yake yanka kuma ba mai rasit, muka shiga ba banɗaki, uwargida da 'yan matana suka rasa inda za su kama ruwa, ledar fiya wata da fasassun kwalabe ko'ina, ƙaramin ya tambaye ni Baba daga ina ruwan nan yake zuwa na waiga ba wanda zan tambaya. Ba mu yi awa ɗaya ba muka juyo. Samarin nan ban riƙe su a zuciya ba, zaman banza ne ya kai su, da an koya musu tarihin wurin an rataya musu kati an tsayar da farashi ɗaya, su ne za su zama irin yaron can na Zanzibar.

Na san za a ce tsaro, kuma gaskiya ne, mu da muka ga rikicin Jos na 2001 da abin da ya biyo baya ba wanda zai koya mana. Har yau akwai ƙauyukan da ake kwana da ido ɗaya, akwai unguwannin da wani ba ya shiga na wani. Amma ni a ganina rashin zuwan ma na ƙara nisanta mu, yaron unguwarmu Gangare bai san ƙauyen Birom ba, yaron Birom bai san Gangare ba sai abin da aka faɗa masa. Ranar da kuɗin makarantar ɗan mai gona zai fito daga aljihun baƙon da ya zo kallo, shi da kansa zai tsare hanyar.

Roƙona ga gwamnatin jiha ba otal mai hawa goma ba ne. A gyara hanyar shiga, a yi banɗaki na maza da na mata da ɗan wurin sallah, a sa kwandon shara, a buga farashi a allo a riƙa ba da rasit, a horar da yaran wurin. Ku kuma Malam Edita don Allah ku ware mana shafi ko sau ɗaya a wata, wakilinku ya je wuri ɗaya ya faɗa mana yadda hanya take, nawa ake biya, ko za a iya zuwa da mata da yara, da Hausa yadda kowa zai gane. Ni dai na riga na yi magana da malaman Islamiyyar unguwarmu da wani abokin kasuwancina Kirista da ke koyar da yara a cocinsu, in Allah ya kai mu hutun Disamba za mu haɗa yaran a bas biyu mu kai su gidan tarihi da safe, da yamma mu tsaya a gindin Shere. In kun turo mai ɗaukar hoto akwai kujera ɗaya a gaba.

Naku mai karatu kullum,
daga Gangare, Jos.