Duk Wanda Ya Ce An Yi Maguɗi, A Tambaye Shi A Wace Rumfa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan ana fama lafiya. Daga Agege nake rubuto maka, kuma abin da ke tafe da ni ƙorafi ne haɗe da roƙo.

Tun da aka fara kaɗa gangar 2027 nake jin wata magana da ba ta yi mini daɗi. Ba a buga takardar ƙuri'a ko ɗaya ba, amma kowane ɓangare ya riga ya yanke hukunci. 'Yan adawa na cewa an gama rubuta sakamako, ranar karantawa kawai ake jira. Masu gwamnati na cewa duk mai faɗin haka ya hango kaye ne, yake neman abin fakewa. Ku kuma sai ku ɗauko maganar wannan yau, gobe ku ɗauko martanin wancan, a ce an ji ta bakin kowa. Ranka ya daɗe, wannan dako ne kawai kuke yi wa 'yan siyasa, kuma mu ake sauke wa kayan a ka.

Mu mazauna Legas mun ga abin da ya isa ya sa kowane ɓangare ya sassauta murya. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, Peter Obi ya samu ƙuri'a 582,454 a jihar nan, Bola Tinubu ya samu 572,606. Tinubu, mutumin da ya yi gwamna a nan daga 1999 zuwa 2007, wanda kowa ke cewa Legas a tafin hannunsa take, ya faɗi a gida da tazarar da ba ta kai dubu goma ba, kuma hukumar zaɓe ta karanta hakan duniya na ji. Katsina ta Buhari, wanda ke kan mulki a lokacin, Atiku ne ya ɗauke ta. Kano kuwa Kwankwaso ya kwashe. In da a ofis ɗaya ake zama a rubuta komai, ban ga wanda zai rubuta wa maigidansa faɗuwa a ƙofar gidansa ba.

Amma sati uku bayan nan, ranar 18 ga Maris da aka yi zaɓen gwamna, wani abu daban muka gani. An yi barazana a fili kafin ranar. A ranar kuma 'yan daba sun tsaya a bakin rumfuna a unguwanni da dama, suna duban fuska da jin harshe kafin su bar mutum ya shiga layi. An kori wasu, an ji wa wasu rauni, da yawa sun leƙo sun ga yanayin sun koma gida. Babajide Sanwo-Olu ya samu 762,134, Gbadebo Rhodes-Vivour ya samu 312,329. Tazarar babba ce, ban ce da ba a yi barazanar ba sakamakon zai juye ba. Abin da na ce shi ne an hana 'yan ƙasa jefa ƙuri'a saboda yarensu, kuma wannan ma sata ce ko da ba ta canza wanda ya ci ba.

To waɗannan abubuwa biyu duk sun faru, a gari ɗaya, cikin wata guda. Sai dai ka zo majalisarmu wajen mai shayi bayan sallar isha'i ka nemi mutum ɗaya da zai yarda da su duka biyun, za ka sha wahala. Ɗan APC zai lissafa maka na farko har da alƙaluma, in ka kawo na biyu ya ce sharrin 'yan intanet ne. Mai goyon bayan adawa zai nuna maka hotunan na biyu a waya, in ka ce to ai a na farko an bayyana gaskiya, ya ce ai ko a nan ma an rage musu. Akwai dattawa biyu a layinmu, ɗaya mai sayar da goro ɗaya tela, da suka shekara da shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya. Yanzu in ɗaya ya shimfiɗa tabarmarsa, ɗayan sai ya ja bencinsa gaba. Ba bashi ne ya shiga tsakaninsu ba, ba mace ba. Saƙon murya ne na WhatsApp da wani wanda ba su taɓa gani ba ya naɗa, yana rantsuwa da Allah a kan alƙaluman da bai faɗi inda ya samo su ba.

Kada a ɗauka ina wanke INEC ne. Babban kason wannan rashin yarda ita ta jawo. Shugabanta na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya yi ta nanata wa jama'a cewa da an gama ƙirga a rumfa za a ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS a ɗora a IReV, shafin hukumar na intanet, kowa ya gani. Mutane suka yarda, matasa suka fito. Ranar zaɓe sai na 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Aka je kotu, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a watan Satumba da Kotun Ƙoli ranar 26 ga Oktoba, 2023 suka tabbatar da nasarar Tinubu, suka ce rashin ɗora sakamako a IReV bai isa ya rushe zaɓe ba. A shari'ance magana ta ƙare. Amma talakan da aka yi wa alkawari da baki ba sashen doka ya riƙe ba, alkawarin ya riƙe. Sai ga abin da ya faru a Adamawa a watan Afrilu na shekarar, inda kwamishinan zaɓe na jiha ya tashi ya bayyana wadda ta ci alhali ba a gama tattara sakamako ba, kuma ba hurumin sa ba ne. Wanda ya ga wannan a talabijin, da wane baki za ka ce masa zargi ba shi da tushe?

Shi ya sa nake ganin aikin yana wuyanku. Zaɓen Najeriya yana barin sawu a takarda. A kowace rumfa ana tantance mutum da BVAS, a ƙirga ƙuri'a da ƙarfi a gaban jama'a, a rubuta a takardar sakamakon rumfa mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kwafinsa. A rumfarmu har yara kan taya malamin zaɓe ƙirgawa, yana ɗaga takarda ana amsawa. A nan da wuya a yi wa mutane rufa-ido. Inda ake ɓarna shi ne daga nan zuwa gaba: a cibiyar tattarawa ta mazaɓa da ta ƙaramar hukuma, da tsakar dare, lokacin da masu ƙuri'a sun gaji sun tafi, wakilin da jam'iyyarsa ba ta ba shi ko kuɗin abinci ba yana hamma, wani kuma ya zo da jaka. Idan 32 ta koma 320 a hanya, akwai takardar da za ta nuna. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya zo muku da cewa an sace masa zaɓe, ku tambaye shi: a wace ƙaramar hukuma, wace mazaɓa, wace rumfa? Ina kwafin wakilinka? Rumfunan ƙasar nan sun haura dubu 176. Jam'iyyar da ke iƙirarin miliyoyin magoya baya amma ta kasa tsayar da amintaccen mutum ɗaya a kowace rumfa, ita ma tana da tambayar da za ta amsa. Haka kuma duk jami'in da ya ce muku zaɓe ya gudana lami lafiya, ku ajiye masa sunayen wuraren da aka fasa akwati ku ce ya yi bayani.

An ga bambancin a waje. A Kenya a 2017 'yan adawa sun shiga kotu da hujja a kan yadda aka aika sakamako, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci. A Amurka a 2020 Donald Trump da mutanensa sun shigar da ƙararraki sama da 60, kusan duka suka faɗi, amma bai daina faɗa ba har magoya bayansa suka afka wa majalisa ranar 6 ga Janairu, 2021. Duka biyun kukan maguɗi ne, amma ba ɗaya ba ne, kuma ɗan jarida ne ya kamata ya rarrabe wa jama'a.

Na san kawo hujja a kotunan namu ba wasa ba ne. Kwana 21 kacal mai ƙara ke da shi ya shigar, kuma ana so ya tabbatar rumfa bayan rumfa da shaidun da suka gani da ido, alhali takardun na hannun hukumar da yake ƙara. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, ya fito ya ce zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Kwamitin ya ba da shawara a cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a kafa hukumar hukunta masu laifin zaɓe, a kuma gama shari'a kafin a rantsar da kowa. Tun 2008 ake wannan magana. PDP ta yi mulki ba ta aiwatar ba, APC da ta yi ta kuka a lokacin ta hau ita ma ta manta.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. In kana son ka gane wanda maguɗi ke damunsa da gaske, dubi zaɓen ƙananan hukumomi. A Kano a watan Oktoba 2024 NNPP ta cinye kujeru 44 duka. A nan Legas a watan Yuli 2025 APC ta cinye 57 duka. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke riƙe da ita. Wanda ya yi Allah wadai da na Kano ya yi shiru a na Legas, ko ya yi akasin haka, ba dimokuraɗiyya yake karewa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuma shi ne yadda wannan magana ke zaunar da mutane a gida. A 2023 masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙaranci tun 1999. A Legas mai rajista sama da miliyan 7, ko miliyan ɗaya da rabi ba a samu ba. Kullum ka ce wa mutum ƙuri'arsa ba ta da amfani, ai zai yarda. In ya yarda, ko dai ya yi zamansa, ko ya sayar da ita a kan taliya da 'yan dubbai tunda a ganinsa banza ce. Rumfar da mutum 80 suka fito cikin 700 kuwa, ta fi sauƙin saye, ta fi sauƙin murɗewa.

Mu 'yan Arewa mazauna nan muna cikin waɗanda suka fi zama a gida, ko in ce suka fi barin gari. Ana saura kwanaki zaɓe za ka ga tireloli a Agege da Mile 12 da Alaba Rago an cika su da mutane da babura da katifu, an nufi Arewa. Wasu katinsu na can ne. Da yawa kuwa tsoro ne, kuma ba tsoron banza ba: akwai masu tuna rikicin ƙabilanci na Ketu a 1999, da na Idi-Araba a 2002, da na Mile 12 a 2016. Sakamakon shi ne muna da yawa a kasuwa, ba mu da nauyi a akwati. Ranar da aka hana acaɓa ko aka zo rushe rumfunan kasuwa, ba mu da kansilan da ke jin tsoron ƙuri'armu, sai dai a taru a gidan Sarkin Hausawa a yi ta ban haƙuri. Alhali doka ta yarda mutum ya mayar da rajistarsa inda yake zaune.

Ina kuma roƙon 'yan'uwanmu na gida da ke tura saƙonnin zagin ƙabilu su tuna da mu. Kai kana Kano ko Gusau cikin danginka, ka kira wata ƙabila ɓarayin zaɓe ka kwanta ka yi barci. Mai facin da ke bakin titi a Mushin shi zai kwana da ido ɗaya. Haka ɗan kudu da ke Sabon Gari yake ji in wani a nan ya zage mu. Bayan zaɓen 2011 an kashe mutum sama da 800 a Arewa, har da matasa masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi, kuma ba a ji ɗan wani babba a cikinsu ba. Ba haka muke ba tun asali. A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 12 ga Yuni, 1993, Kanawa sun ba Abiola, ɗan kudu, ƙuri'a fiye da ɗansu Bashir Tofa. Soja ne suka soke wannan zaɓe, ba talakawa ba.

Don haka, Malam Edita, kafin 2027 ku ware fili da Hausa ku bi mutane daki-daki yadda ƙuri'a ke tafiya daga rumfa zuwa Abuja, da yadda ake sauya wurin zaɓe, tun ba a rufe rajista ba. Ku bibiyi waɗanda aka ce an kama da laifin zaɓe a 2023, ku gaya mana nawa aka gurfanar, nawa aka ɗaure. Ranar zaɓe kuma, wakilinku na Legas kada ya tsaya ɗaukar hoton manya suna jefa ƙuri'a a Ikeja da Ikoyi ya tafi. Ya zo cibiyar tattara sakamako ta Agege ko ta Mushin da fitila da cajin waya, ya kwana a nan, ya gwada abin da aka rubuta da abin da aka manna a bangon rumfa.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas