Wasiƙa ga 'yata kan abincin angona

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da ɗan angona. Mu ma nan lafiya lau, sai zafin bazara. Babanku na gaishe ku.

Ranar Juma'a da muka yi waya kin ce ango ya cika wata 6, har ya fara kai hannu kwano in kuna cin abinci, kuma kina shawarar sayo masa abincin gwangwani. Kati ya ƙare ban gama magana ba, shi ya sa na ɗauki biro. Ki riƙe kuɗinki. Abin da yake buƙata yana wurin mahauci da mai kayan miya.

Ba za ki tuna lokacin da ƙaninki ya fara cin abinci ba, kina ƙarama. Farin koko tsararo na dinga ba shi safe da yamma, ina murna ciki ya cika. Sai yaro ya ɗashe, ba kuzari, ko rarrafe ba ya so. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idonsa ta ƙasa ta nuna mini, fari fat. Ƙarancin jini ne. Ita ta fahimtar da ni cewa jariri na zuwa duniya da guzurinsa na sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, kuma guzurin nan wajen wata 6 yake ja baya. Nono, duk albarkarsa, ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne. Koko kuwa yawancinsa ruwa. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

To, ki fara masa da hanta. Ta kaza, ta rago, ta akuya, duk wadda kika samu, amma ki aika tun da safe a sayo ta yankan ranar, kafin ta sha rana da ƙuda. Ki cire farar jijiyar, ki dafa har sai kin tsaga tsakiyarta ba ki ga alamar jini ba. Ba gishiri, ba Maggi, ba yaji. Ƙodarsa ba ta yi ƙwarin ɗaukar gishiri ba tukuna. Ki murje ta da bayan cokali, ki tace ta rariya, ki sassauta da ruwan dahuwar ko da nononki. Cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ya ishe shi. Na san halinki, in aka ce abu na da kyau sai ki cika hannu. A nan kada ki yi. Hanta na ɗauke da bitamin A mai yawan gaske, shi kuma taruwa yake yi a jiki, ga shi ana ɗiga wa yara shi a asibiti. Sau ɗaya a mako ya wadatar. Sauran ranaku ki ba shi zuciya ko tsoka ko kifi da aka tsince ƙayarsa tsaf. Zuciya na da tauri, sai ta daɗe a wuta.

Ƙwai ma ki ba shi, dafaffe sosai. Wataƙila Hajiya surukarki ta ce ƙwai na sa yaro sata, don mu ma da haka aka raine mu. Kada ki yi musu da ita. Ki ce a asibiti aka umarce ki, ki roƙe ta ta ba shi da hannunta.

Kununsa kuwa, ki auna gero ko dawa gwangwani 6, waken soya 3, gyaɗa 1. Ki soya kowanne daban sama-sama, ki kai niƙa. Gyaɗar ki zauna ki tsince ta da kanki, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane ki zubar, guba ce ga hantar yaro. In kin dama, ki karkata cokali: in kunun ya zube kamar ruwa, bai yi ba. Ki ɗiga manja kaɗan, wata rana garin zogale, wata rana kabewa da aka murje. Bayan ya ci ki ba shi gwanda ko mangwaro nunanne, suna taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen. Shayi kuwa hana shi yake yi. Zuma ko lasa kada a yi masa sai ya shekara, ko da an ce don tari ne.

Cokali 2 ko 3, sau 2 zuwa 3 a rana, haka za ki fara, kina ƙarawa sannu a hankali. In ya kau da kai ki ƙyale shi, gobe ki sake gwadawa. Abu ɗaya na hane ki: ɗura. Kada wani ya kwantar mini da miji ya toshe masa hanci yana zuba masa kunu, ta haka yara ke shaƙewa. Nono kuma yana nan har shekara 2, kamar yadda ya zo a Alƙur'ani.

Na soya miki garin farko, zan ba direban da ya saba kawo miki saƙo ranar Laraba, da ƙullin zogale da na shanya a inuwa. Ki juye garin a roba mai murfi. Ki gaida maigidan da Hajiya, ki kuma ce wa angona ina jiran kuɗin cefane.

Wassalam,
Innarki