Yadda 'yan gidan shugaba suka ci wutar Kirgistan

Ya Edita,

Ina so masu karatu su dubi Kirgistan, wata ƙasa a tsakiyar Asiya, wadda ta ɓalle daga Tarayyar Sobiyet a 1991. A zamanin Shugaba Kurmanbek Bakiyev, harkar lantarki ta koma hannun 'yan uwa da abokai. Ɗansa Maksim ke riƙe da hukumar zuba jari, aka sayar da kamfanin Severelektro, mai raba wuta a Bishkek, babban birnin ƙasar, kan kusan dala miliyan 3 kacal.

Abin da ya fi min ciwo, a Janairun 2010, tsakiyar hunturu, lokacin da talaka ke ɗumama ɗaki da hita, aka ninka kuɗin wuta. Tura ta kai bango. Ranar 7 ga Afrilu jama'a suka mamaye fadar shugaban, Bakiyev ya tsere, gwamnatin riƙo ta ƙwace kamfanin.

Naka,
Mai karatu daga Zariya