Takardar Koke Kan Neman Labarin 'Yan'uwanmu da Suka Salwanta a Teku Zamanin Yaƙin Duniya

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Ringim,
Ta hannun Mai Girma Hakimin Taura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamani.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka ne, jikoki da tattaɓa-kunnen mutanen ƙauyukan wannan gunduma da suka tafi Ikko a zamanin yaƙin duniya, daga can suka shiga jirgin ruwa, har yau ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Abin da ya rage a gidaje da yawa magana ɗaya ce: "ruwa ya ci shi." Ba sunan jirgi, ba rana, ba wuri. Mun bincika yadda ake gano irin waɗannan mutane, mun ga aikin zai yiwu, amma farkonsa yana hannun masarauta, shi ya sa muka kawo kukanmu fada.

Ranka ya daɗe, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya layin Nguru ya ratsa ƙasarmu, hanyar teku ta buɗe wa mutanenmu. Kashi uku ne suka bi ta. Akwai fataken goro masu kwana a dandamalin jirgi tsakanin Ikko da Ankara ta ƙasar Gana. Akwai 'yan ci-rani da suka fara da dako a Apapa, aka ɗauke su aikin zuba kwal a tukunyar jirgi ko wanki ko aikin kicin, galibi a jiragen kamfanin Elder Dempster. Sai sojojin rundunar Afirka ta Yamma da aka kwasa ta ruwa zuwa Gabashin Afirka da Indiya da Bama. Kowane kashi da inda takardunsa suke, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai yi ta neman allura a cikin ruwa.

Jiragen da ke zirga-zirgar nan an nutsar da da yawansu. Falaba ya nutse ranar 28 ga Maris 1915, mutum 104 suka rasu. Accra ya nutse ranar 26 ga Yuli 1940. Jirgin da ake kira Apapa kuwa, jirgin sama ne ya yi masa ruwan bama-bamai ranar 15 ga Nuwamba 1940. Adda an harbe shi a tekun Saliyo ranar 8 ga Yuni 1941. Abosso kuwa ya taso daga Kef Tawun ya nufi Libaful, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da shi ranar 29 ga Oktoba 1942, mutum 362 suka halaka, 31 kaɗai suka tsira.

A nan ne tarko na farko yake. Kamfani kan maimaita sunan jirgi. An nutsar da wani Abosso a 1917, an nutsar da wani Apapa a wannan shekarar, duka kafin takwarorinsu na yaƙi na biyu da muka ambata a sama. Don haka idan tsohuwa ta ce mijin yayarta a Apapa ya tafi, sai an tambaye ta zamanin wane sarki ne. Idan ta ce zamanin Sarkin Kano Abbas, yaƙin farko ke nan, na 1914 zuwa 1918. Idan ta ce zamanin Abdullahi Bayero, yaƙin Hitila ne, 1939 zuwa 1945. Balle ma wata tana nufin tashar Apapa ce, ba jirgi ba, kuma mai tambaya da gaggawa ba zai lura ba. Kowane jirgin Ingila yana da lambar rajista wadda ba ta canjawa ko an sauya masa suna, kuma da wannan lamba aka jera takardun ma'aikatansa a gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke Kiw a Landan. Jerin da ake kira BT 381 shi ne na sunayen ma'aikatan jirgi a yaƙi na biyu. BT 334 rajistar waɗanda suka mutu a teku ce. A cikin ADM 199 akwai bayanan da aka ɗauka daga bakin waɗanda suka tsira, inda ake samun sa'ar da aka harbi jirgi da yawan kwale-kwalen da aka iya saukewa. Takardun shi kansa kamfanin Elder Dempster suna gidan tarihin harkokin teku na Libaful.

Tarko na biyu shi ne suna, kuma shi ya fi cin rai. Akawun Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Muhammadu ya koma Momodu ko Mamadu, Ibrahim ya koma Braimah, Audu ya koma Awudu, Garba ya koma Garuba, kalmar Hausa ita kanta a rubuta ta Housa ko Haussa a maƙala wa mutum a matsayin sunan uba. Sojoji kuma da sunan gari ake rubuta su, kuma ɗan ƙauye babban gari yake ambata. Mutumin Taura sai ya zama Audu Kano, ga kuwa Audu Kano barkatai a rajista. A wurin haihuwa ma sau da yawa tashar da aka ɗauki mutum aiki ake sakawa. Abin da ke raba gardama lamba ce: lambar soja, ko lambar da ke kan littafin sallama na ma'aikacin jirgi. Shi ya sa duk wata takarda da ke ƙasan adaka ko cikin gafaka take da daraja, ko da gara ta ci rabinta. Lambobin yabo na yaƙin farko akwai sunan mai su a zane a gefe, sai a duba da haske mai kyau. Na yaƙi na biyu yawanci ba suna a jikinsu, amma kar a yar da kwalin ko takardar da suka zo da ita.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da rajistar da kowa zai iya bincikawa a intanet kyauta. Ma'aikatan jiragen kasuwanci da ba su da kabari sai teku an rubuta su a bangon tunawa na Tawa Hil a Landan, kusan 12,000 na yaƙin farko da kusan 24,000 na yaƙi na biyu, an jera su jirgi-jirgi. Na sojojinmu wasu suna bangon tunawa na Abuja, waɗanda suka faɗi a Bama suna na Rangun. Amma rashin ganin suna a rajistar ba ya nufin mutum bai mutu a yaƙi ba. Ita kanta hukumar ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, akasari 'yan Afirka, ba a rubuta su da suna ba ko ma ba a tuna da su sam. Tana karɓar hujja don a ƙara suna, sai dai hujjar ta zama rubutacciya. Mafi wuyar ganowa su ne fatake, domin fasinjan dandamali tsakanin tashoshin gaɓar Afirka ba ya shiga jerin fasinjojin da aka adana a Ingila. Nasu sai a nemi wasiƙun ajami da 'yan'uwa suka aiko daga zango, da takardun rabon gado na kotun alƙali.

Abin da muke roƙon Mai Martaba, na farko, a umarci dagatai da masu unguwanni su yi shela a masallatan Juma'a da ranakun kasuwa, duk gidan da ke da wanda ya ɓace ta wannan hanya ya zo a rubuta. A yi shi da rani, bayan an gama kai amfanin gona gida, a ba shi wata uku. Kowane dagaci ya samu littafi guda mai bango mai ƙarfi, shafi ɗaya na mutum ɗaya: sunan yanka, laƙabi, sunan uba da na kaka, ƙauye da unguwa, sana'a, zamanin wane dagaci ya tafi da wane lokaci na shekara, da wa suka tafi, wa ya kawo labarin rasuwar. Wannan tambaya ta ƙarshe kada a tsallake ta. Sau da yawa wanda ya kawo labari abokin aiki ne da ya tsira, kuma idan aka samu sunansa a jerin wani jirgi, an samu jirgin.

Muna roƙo a sa mata cikin masu tambaya. Labarin nan a ɗakin tsofaffin mata yake, ba a zaure ba, kuma namiji baƙo ba zai shiga ya zauna awa biyu yana saurare ba. A naɗi murya da waya, a bar tsohuwa ta gama maganarta kafin a karanta mata sunan kowane jirgi, domin idan aka fara ambata mata suna za ta amsa don kara. Takardu kuma a ɗauki hotonsu gaba da baya a gaban mai su, a mayar masa nan take. Kada a shafa musu ruwa ko gam, kada a rufe su da leda mai zafi.

Sannan muna roƙon fada ta ba mu wasiƙa mai hatimi zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji a Dutse. Kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991 ƙasar nan tana ƙarƙashin Kano, saboda haka a fayilolin Lardin Kano za a nemi sanarwar mutuwa da kuɗin da aka aiko wa magada ta hannun En'e. Mutum biyu masu karanta boko da ajami sun isa, su yi mako biyu a Kaduna. Kuɗin mota da masauki da na ɗaukar hoton takardu mu iyalai za mu haɗa.

Ranka ya daɗe, a cikin shelar a faɗa ƙarara cewa wannan ba rajistar diyya ba ce. Muna tsoron 'yan damfara su ji labari su fara yawo da fom suna karɓar kuɗi. Haka kuma ba mu zo tayar da rabon gadon da alƙalai suka riga suka yanke ba. Muradinmu kowane gida ya san jirgin da ranar da wurin, a rubuta sunan kakansa daidai, a yi masa addu'a da sadaka da sunansa. 'Ya'yan waɗanda suka tafi a yaƙi na biyu, wanda ke raye cikinsu ya kai shekara 80 ko ya haura, shi ya sa muke fatan a fara da ranin bana.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, ya jiƙan magabata.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyalan waɗanda suka salwanta a teku, gundumar Taura, Jihar Jigawa.