Dan Allah a daina raina masu yi wa 'yar tsana ɗinki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita dan Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan taka in yi magana kan wani abu da na san wasu suna ganin kanun zasu taɓe baki su wuce, wato yi wa 'yar tsana ɗinki. Eh ita dai, bebin roba da kuka sani. Ni babba ce ba yarinya ba, inada aikin yi inada iyali, amma in na samu sarari ba abinda ke min daɗi irin in baje ƙyallaye in ɗau allura in fitar da rigar da tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Abinda yasa na rubuto shine yadda mutane ke ɗaukar abun, kana cewa kana yi sai a ce ƙuruciya ce bata sake ka ba ko kuma rashin abin yi ne, har da teloli wanda ya kamata a ce su ne zasu fi kowa ganewa. To ni dai maganata ɗaya ce, wannan ɗinki ne na gaske, kuma ta wani fannin ma yafi na mutane wahala.

Bari in faɗi dalili tunda ba a magana a baki kawai. Irin bebin nan da tafi yawa a duniya, Barbie da masu kama da ita, tsawonta inci 11 da rabi ne, wajen santimita 29, an yi ta ne kan ma'aunin kashi ɗaya bisa shida na girman mutum. To komai zaka iya rage shi sau shida, faɗin ƙirji, tsawon hannu, zagayen ƙugu, amma kaurin yadi fa baya raguwa, yadda masaƙa ta fitar da shi haka yake. Yadin da kaurinsa milimita ɗaya ne in ka sa mata daidai yake da ka sa wa mutum mai kaurin milimita shida, kaga kenan bargo ka ɗinka mata ba riga ba. Shi yasa zaka ga mutum ya yi ƙoƙari iya ƙoƙari ɗinkin ya fita tsaf amma rigar ta tsaya ƙiƙam ta ƙi kwanciya a jiki, siket ya buɗe ya ƙi sauka. Laifin ba na hannu bane, na yadin ne. Dole sai marar nauyi, auduga mai laushi siririya, irin ta hankici ko tsohuwar shet da ta sha wanki ta yi laƙwas. Haka zanen jikin yadin, fulawar da faɗinta santimita 5 ne a jikin mutum ado ce, a jikin bebi ta zama santimita 30, ita kaɗai ta cinye gaban rigar kaf ba a ma gane fulawa ce. Botin ɗin shet na santimita ɗaya kuwa ya zama na shida. Sai ka koyi kallon yadi da wani ido daban, ni yanzu ko ina naga ƙyalle mai ƙananun ɗigo-ɗigo sai na tsaya na taɓa.

Har kamfanin Mattel da ke yin Barbie ya taɓa kare kansa da irin wannan hujjar lokacin da ake sukar siririn ƙugunta, wai sai an bar wa ninkin yadi wuri a ƙugun in ba haka ba kayan ba zasu zauna ba. Ban ce sukar bata da tushe ba, tana da shi, amma duk wanda ya taɓa haɗa tattarar siket da ƙugu a wannan girman ya san ninki huɗu ko biyar ke taruwa a wuri ɗaya, maganar tasu ba ƙarya bace gaba ɗaya.

Sai maganar hannun riga, nan ne ake gane wanda ya iya. A rigar mutum kana haɗa gefe ka haɗa hannu sannan ka zura shi a ramin hammata ka zagaye da keke. A ta bebi ramin ko ɗan yatsa da ƙyar yake shiga balle ƙafar keke. To sai a juya tsarin, ka haɗa kafaɗa tukun, ka shimfiɗa rigar a buɗe, ka yi kalmasar bakin hannun tun yana shimfiɗe, ka ɗora shi a mazauninsa ka ɗinke, sannan a ƙarshe ka ja layi ɗaya tun daga bakin hannu ka bi ta hammata har ƙasa. Duk abinda zaka yi wa rigar, ado ne, aljihu ne, kalmasar wuya ce, ka gama shi tana a buɗe domin in ka rufe ka rufe kenan. Rarar da ake bari a bakin ɗinki milimita 6 ce ko ƙasa da haka, ba santimita ɗaya da rabi irin na mutane ba, kuma in ka kauce da milimita 2 kacal a kowane gefe rigar ba zata rufu a baya ba. A ɗinkin mutane wa ke lura da milimita 2?

Keken ma sai ka lallaɓa shi. A rage tsawon taku zuwa milimita ɗaya da rabi ko biyu, a sa siririyar allura mai lamba 60 ko 70, zare ma siriri. Kuma keke yanada wata mugunta, in ƙyallen ƙarami ne kana fara takawa sai ya tura bakin cikin ramin allura ya cukurkuɗe da zaren ƙasa, ka jawo ka ga ya tauna shi. Maganinsa ka shimfiɗa siririyar takarda a ƙarƙashi ka ɗinke su tare, in ka gama ka yage takardar a hankali. Wasu ma basa yanka ƙananun sassan sai sun ɗinka, zasu zana a kan babban ƙyalle su bi layin da keke sannan su yanke, musamman kwala da saman riga mai shafi. Wasu wuraren kuma ka haƙura da keken ka koma hannu, yafi sauri yafi tsabta. Guga kam ba a tsallake ta, kowane layi ka ɗinka ka danne shi kafin ka tafi na gaba, da tsinin dutsen gugar ba da cikinsa ba, ka kuma yi hattara da yatsunka.

Akwai abu guda da nake so masu farawa su ji da kyau don yana ɓata bebi har abada. Yadi mai zuba, musamman baƙi da ja da shuɗi mai duhu, in ya daɗe a jikinta robar tana shan launin, ka cire rigar ka tarar da kafaɗa da cinya sun yi tabo wanda sabulu baya fitarwa. A wanke yadin tukun har ruwan ya daina canza kala, in da hali a sa farin shafi daga ciki, kuma kar a bar mata kaya masu duhu wata da watanni. Shi kuma Velcro ɗin nan mai ƙar-ƙar da ake mannawa a baya yanada sauƙi ga yara amma yana cin gashin bebin yana kuma jan zaren yadi, ni na fi son ƙananun botin masu matsewa. Rigar kuma a baya ake buɗe ta har ƙasa ko kusa da ƙasa, don kan bebi ya fi wuyan rigar girma nesa ba kusa ba kuma hannunta baya lanƙwasuwa yadda namu ke yi. In yatsunta na sarƙewa a hannun riga ka sa mata 'yar leda a hannun ka zura, sai ya wuce sumul. In kuma yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ne zai yi wasa da ita to a manta da duwatsun ado da ƙananun botin, komai baki suke kaiwa.

Masu cewa wasan yara ne, su leƙa tarihi mana. Tun kafin a fara buga mujallun kwalliya, a ƙarni na 17 da na 18, da 'yan tsana ake aika sabon yayi daga Faransa zuwa fadojin sarakunan Turai, a yi musu shiga tsaf tun daga kai har ƙafa, telolin can su duba su kwaikwaya. Madeleine Vionnet, wadda ta yi suna a Faris wajen yanka yadi a karkace don ya bi jiki ya zuba, a jikin wata 'yar tsanar katako da bata kai mita ɗaya ba take fara gwada rigunanta kafin a fitar da su a girman mutum. Wanda yafi burge ni shine abinda ya faru a 1945, yaƙin duniya na biyu na ƙarewa, ana tsananin ƙarancin yadi da zare da fata a Faris, manyan gidajen ɗinki irin su Balenciaga da Lanvin da Nina Ricci suka haɗu suka yi wa 'yan tsana na waya fiye da 200 sutura, kowace tsawonta wajen santimita 70, da zif mai aiki da botin mai ɓallewa da takalma da jakunkuna, aka baje su a watan Maris a wani sashe na ginin Louvre, babban gidan tarihin Faris, don tara kuɗin agaji, daga nan aka zaga da su Landan da wasu biranen Turai har Amurka. Ana kiran baje kolin Théâtre de la Mode, kuma har yau kayan na nan a gidan tarihi na Maryhill a jihar Washinton. Waɗannan su ne gwanayen gwanaye a zamaninsu fa, ba wanda ya ce musu ƙuruciya ke damunsu.

Ita kanta Barbie da Ruth Handler ta fito da ita a bikin baje kolin kayan wasa na New York ranar 9 ga Maris 1959, ai kayan sawarta ne kasuwar, daban ake sayar da su, Charlotte Johnson ce ke tsara su a kuma ɗinka a Japan. Sannan ga na kusa-kusan nan, Haneefah Adam 'yar Najeriya ta buɗe shafin Hijarbie a Instagram a ƙarshen 2015, tana ɗinka wa bebi hijabi da dogayen riguna da hannunta tana ɗaukar hoto, kafin ka ce me kafafen labarai na duniya sun ɗauka. Sai a 2017 kamfanin Mattel ya sanar da bebinsa ta farko mai hijabi, wadda aka yi da siffar 'yar wasan takobin Amurka Ibtihaj Muhammad. Kaga mai allura a ɗaki ta riga kamfani. Wannan ne ma daɗin abun a wurina, ba sai ka jira wani ya ga dama ya kawo maka irin shigar da kake so ka gani ba.

Wani zai ce to meye amfanin, tunda ba sayarwa kike ba? Gaskiya wannan tambayar tana gundurata. Akwai masu sayarwa kuma suna samu, Allah Ya ƙara musu kasuwa, amma ba komai ne sai ya zama sana'a ba. Mai kallon ƙwallo awa biyu ba a tambayarsa nawa ya samu. Ni in na zauna ina lissafin yadda zan sa kwala ta kwanta a wuyan da bai kai kaurin babban yatsana ba, duk wata damuwa fita take daga kaina don hankalin baya rabuwa biyu, ka ɗauke ido allura ta tuna maka. Kuma in ma amfanin ake nema ga shi nan birjik, da ragowar ƙyallen da za a share a zubar ake yi, in ka ɓata ka ɓata abinda bai kai hankici ba sai ka sake wani, yarinya ko yaron da ya fara a nan zai gane dalilin da yasa ake ɗan tsattsaga rarar ɗinki a hammata da yadda tattara ke cin yadi tun kafin a damƙa masa yadin mutane ya lalata. Na ce yaro da gangan, don maza ma suna yi kuma wasunsu sun fi mu haƙuri.

Ga mai son gwadawa ba sai ya nemo komai na musamman ba. A naɗe jikin bebin da siririyar leda, a bi da salatif na takarda a rufe, a zana layin kafaɗa da gefe da tsakiya da biro, a yanke a hankali a shimfiɗa kan takarda a ƙara rarar ɗinki, shikenan an samu samfurin da ya yi mata daidai. Wannan hanyar tafi kwafa daga intanet don bebin ba duka jikinsu ɗaya ba, ko Barbie tun 2016 ta zo da mai jiki da doguwa da gajera, rigar wannan bata shiga waccan. A fara da siket, sai riga marar hannu, wando da kwat a bari sai hannu ya faɗa.

Roƙona gare ka Malam Edita, ko sau ɗaya a wata a ware ɗan gefe a shafin mata ko na yara a riƙa buga samfurin riga guda da bayanin yadda ake haɗawa, tunda gaba ɗayansa bai cin kwatan shafi. Sai dai a ja kunnen masu tsara shafi kar su rage ko su ƙara girman hoton don ya cike musu gurbi, a buga shi a ainihin girmansa, a sa ɗan akwati mai inci ɗaya a gefe wanda mai karatu zai auna da tef ya tabbatar kafin ya sa almakashi. In kuna buƙatar mai zana muku ni a shirye nake, ba sai an biya ni ba.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Taku,
Wata mai karanta ku kullum