A cire laka tukuna kafin a yi maganar kulorin

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki. Na karanta bayanin da kuka buga kan tsaftace ruwan sha, ba laifi an yi ƙoƙari, amma daga farko har ƙarshe kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kawai ake ta ambata kamar da an zuba shi shikenan an gama. Ni na yi shekaru ina aiki a matatar ruwa, shi ya sa abin ya tsaya min a rai, don mu a can laka ce ke hana mu barci.

Yashi da tsakuwa basu da wahala, ka ajiye ruwa ɗan lokaci zasu kwanta da kansu. Masu taurin kan sune ƙananan ɓurɓushin yumɓu da ido baya iya ware su, kowanne na ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya sai su riƙa ture juna, ko sati nawa ka jira suna nan suna yawo ruwan yana nan jajir. Nan ne alif ke shigowa, shi ke kashe wannan cajin har su yarda su manne da juna.

Kuma ba da ka ake zuba shi ba. Muna jera kwalabe shida cike da ruwan kogin, kowacce da nata awon alif, a juya da ƙarfi kamar minti 1, sannan a rage a riƙa juyawa a hankali wajen minti 20. Sai ka sunkuya kana kallo, a wata kwalbar babu abin da ya canza, a wata kuma zaka ga dattin ya fara dunƙulewa kamar saɓin auduga yana sauka ƙasa, sama ta yi garau. Wadda aka cika mata alif ma sau da yawa bata yin kyau, ga asarar magani a banza. Abin haushin, ruwan sama ɗaya cikin dare ya isa ya sauya kogin gaba ɗaya, awon jiya ya tashi aiki, dole a sake gwajin da asuba, wanda ya yi kasala kuwa famfo ne zai tona masa asiri.

Daga nan ruwan ya shiga babban tanki ya yi wasu awanni dattin ya kwanta a kwashe taɓon, ragowar kuma matatar yashi ta kama. Ita ma tana toshewa, sai a turo mata ruwa ta ƙasa da ƙarfi a wanke ta.

To me ya sa duk wannan wahala? Ƙwayoyin cuta na laɓewa jikin dattin ne, kuma dattin kansa yana shanye kulorin kafin ya kai gare su. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke son gurɓacewar ruwa ta sauka ƙasa da NTU 1 (NTU shi ne ma'aunin yadda laka ta dagula ruwa) kafin a sa maganin. A 1892 kwalara ta kashe mutum sama da 8,000 a Hamburg ta Jamus, alhali maƙwabciyarta Altona daga kogin Elbe ɗin nan take sha, ta ƙasa ma inda ƙazantar Hamburg ke gangarowa, amma da yake tana tace nata da yashi abin ya zo mata da sauƙi sosai. Kar a ce ai zamanin da ne, a 1993 a Milwaukee ta Amurka wajen mutum 400,000 suka kamu da gudawa bayan da ƙwayar kiriftosforidiyam ta tsallake matata, ita kuwa wannan ko a jikinta da kulorin ɗin da ake sa wa ruwan sha, sai dai a tace ta.

Don Allah in zaku sake taɓo batun, wakilinku ya shiga matata ya nemi ganin littafin da ake rubuta awon NTU na kullum, ya kuma tambaya yaushe rabon da a wanke yashin.

Na gode, a huta lafiya.
Naku, tsohon ma'aikacin matatar ruwa